Sabon Burki, Tsohon Direba: Ina Ribar Matakan Kare Haɗari Take Shiga?

A farkon shekarun 1980 wani kamfanin tasi a birnin Munich na ƙasar Jamus ya sa wa wani kaso na motocinsa sabon nau'in burki da ake kira ABS. Shi wannan burki, ko direba ya danna shi iya ƙarfinsa, ba ya barin taya ta kulle ta dinga jan ƙasa. Yana kamawa yana saki sau da yawa cikin daƙiƙa guda, don haka motar tana rage gudu, direba kuma yana iya murza sitiyari ya kauce wa abin da ke gabansa. Sauran motocin kamfanin iri ɗaya ne da waɗannan, burkin kaɗai ya raba su, kuma ba direba ke zaɓar wadda zai hau ba. Duk wanda aka tambaya a lokacin zai ce masu sabon burki za su fi ƙarancin haɗari. Aka yi shekara uku ana lissafi. Da aka zo duba littafi, sai aka tarar ba su fi ba. Haɗarinsu ma ya ɗan ɗara na sauran, ko da yake ɗarawar ba ta kai a kafa hujja da ita ba.

Burkin lafiyarsa ƙalau. Masu binciken sun riƙa shiga motocin a matsayin fasinjoji, su ba su san wace mota ke da ABS ba, direbobin kuma ba su san ana lura da su ba. Abin da suka rubuta shi ne masu sabon burki sun fi shan kwana da gaggawa, sun fi manne wa motar gaba, sun fi kutsawa cikin layi ba tare da barin wuri ba, kuma na'urar da aka ɗaura wa motocin ta nuna sun fi taka burki da ƙarfi. Bayan shekaru aka sake irin wannan dubawa a kan tasin da ke kai fasinja filin jirgin saman Oslo a Norwe, aka samu masu ABS suna barin tazara ƙarama tsakaninsu da motar gaba. Injiniya ya ba direba ƙarin ratar tsira, direba ya karɓa ya mayar da ita gudu.

Abin ya yi kama da ƙarin albashi. Wanda aka ƙara wa dubu ashirin yana iya ajiye ta, yana iya ƙara cefane, yana iya raba ta biyu. Wanda ya yi ƙarin ba shi da iko a kan inda kuɗin zai shiga. Haka duk wani matakin kare rai a hanya yake: faɗaɗa titi, sa fitila, bel, hular kwano, burki mai kyau. Direba na iya barin ribar ta zauna a matsayin tsira, yana iya kashe ta wajen isa da wuri, ko duba waya, ko tuƙi cikin ruwan saman da a da zai tsaya ya jira ya ɗauke. Kuma galibi ba zama yake yi ya yanke wannan shawara ba. Ƙafarsa ce ke ƙara nauyi a kan totur saboda gabansa ya daina faɗuwa.

Wanda ya fara tayar da ƙura a kan wannan magana shi ne Sam Peltzman, masanin tattalin arziki a Jami'ar Chicago. A 1966 Amurka ta yi dokar da ta ba gwamnati ikon tilasta wa kamfanonin ƙera mota su sa kayan kariya: bel, sitiyarin da ke lotsewa maimakon ya soke ƙirji, gilashin da ba ya tarwatsewa, da makamantansu. A 1975 Peltzman ya wallafa nazarinsa, inda ya ce dokar ba ta rage yawan mace-mace ba in aka haɗa jimla. Na cikin mota sun ɗan samu sauƙi, in ji shi, amma direbobi sun ƙara ganganci, sai masu tafiya a ƙasa da masu babur suka biya bashin. Daga nan ake danganta wannan ɗabi'a da sunansa har yau.

Gerald Wilde, masanin halayyar ɗan Adam a Kanada, ya kai maganar inda ta fi haka nisa a 1982. A ganinsa kowane mutum yana da wani mizanin kasada da ya yarda ya ɗauka, kuma zai dinga gyara tuƙinsa har ya koma kan wannan mizani, ko me aka yi wa mota ko titi. In aka rage masa haɗari sai ya cike gurbin, in aka ƙara masa sai ya ja baya. Babbar hujjar da masu wannan ra'ayi ke kawowa ita ce ta Suwidin. Da asubahin Lahadi 3 ga Satumba 1967 ƙasar ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma dama, duk da cewa a ƙuri'ar jin ra'ayi ta 1955 sama da kashi 80 cikin ɗari sun ce ba sa so. An zaci za a sha jini a titi. Sai ga shi mace-mace sun ragu, domin kowa ya fito a tsorace, ido a buɗe, ƙafa kusa da burki, ga kuma an rage ƙa'idar gudu na ɗan lokaci. Cikin kimanin shekara biyu hannu ya saba, tsoro ya gushe, adadin ya koma kusa da inda yake. Dattawanmu sun san irin wannan rana, domin Najeriya ta yi nata sauyin ranar 2 ga Afrilu 1972 zamanin Janar Gowon, Ghana ta biyo baya a 1974.

Wani masanin tattalin arzikin, Gordon Tullock, ya yi shaguɓen da ya zama sananne: in da gaske ake so direbobi su natsu, a cire bel a kafa tsinin ƙarfe a tsakiyar sitiyari yana kallon ƙirjin direba. Ba wanda zai manne wa motar gabansa. Gaskiya ne, amma duk wanda tayarsa ta fashe ko akuya ta gifta masa ya tafi ke nan, ko da shi ne mafi natsuwa a garin. Shaguɓen ya nuna inda dabarar take da kuma inda ta tsaya.

Ni a nawa ganin, Peltzman ya gano alƙibla daidai amma ya zarce wajen auna nisa, Wilde kuwa ya ɗauki abin da ke faruwa wani lokaci ya mayar da shi doka ta kullum. Da a ce mutane suna cinye ribar kowane gyara kaf, da alƙaluma ba su motsa ba cikin shekara hamsin. Sun motsa ƙwarai. A 1966 Amurka tana asarar rai kusan 5.5 a duk mil miliyan 100 da motoci suka yi. Zuwa 2014 adadin ya sauko kusan 1.1. Ko a ɗanyen lissafi, sama da mutum dubu 54 suka mutu a titunan ƙasar a 1972, a 2011 kuwa ba su kai dubu 33 ba, alhali jama'a da motoci sun ƙaru sosai. Suwidin da ke binne sama da mutum 1,300 a shekara a tsakiyar shekarun 1960, yanzu ba ta kai 300 ba. Ba zuciyar Basuwide ce ta canja ba, motarsa da titinsa da dokarsa da asibitinsa ne suka canja.

Rigimar ta fi zafi a kan bel. Wani injiniyan kamfanin Volvo, Nils Bohlin, ya fito da bel mai ratsa ƙirji da ƙugu a 1959, jihar Victoria ta Ostireliya kuma ta fara tilasta ɗaura shi a 1970. Lokacin da Birtaniya ke muhawarar yin tata dokar, John Adams na wata jami'a a Landan ya kwatanta ƙasashen da suka yi dokar da waɗanda ba su yi ba, ya ce bai ga raguwar da aka yi alkawari ba. Majalisa ta ci gaba abinta, dokar ta fara aiki a ƙarshen Janairun 1983, aka shafe shekaru ana jayayya a kan ko masu tafiya a ƙasa da masu keke sun ƙara mutuwa a dalilinta. Babu mai musun cewa bel yana ceton wanda ya riga ya yi karo. Hukumar kula da lafiyar hanya ta Amurka ta ƙiyasta yana rage yiwuwar mutuwar na kujerar gaba da kashi 45 cikin ɗari. Tambayar ita ce ko mai bel ya fi yawan yin karon. A 2003 Alma Cohen da Liran Einav suka bi alƙaluman jihohin Amurka ɗaya bayan ɗaya, tun da ba a shekara ɗaya suka yi dokar ba. Suka samu mutuwar na cikin mota ta ragu, kuma ba su ga shaidar cewa ta na waje ta ƙaru ba.

To me ya sa raguwar ba ta kai yadda aka yi hasashe ba? Leonard Evans, wanda ya daɗe yana bincike a kamfanin General Motors, ya ba da amsar da ba ta buƙatar a zargi bel. Waɗanda ke fara bin doka su ne masu natsuwa, waɗanda da ma ba su cika yin haɗari ba. Matashin da ke gudun tsakar dare da wanda ya sha ya bugu, su ne na ƙarshen ɗaurawa, su ne kuma ke cika makara. Don haka sai a ga rabin gari ya ɗaura bel amma mutuwa ta ragu kaɗan. Irin wannan tarko yana ko'ina a wannan fage. An taɓa tsayawa a titunan Landan ana ƙirga direbobi, aka samu masu manyan jif sun ninka masu ƙananan motoci kusan sau huɗu wajen riƙe waya a hannu suna tuƙi. Girman motar ne ya ba su ƙarfin gwiwa, ko kuwa mai irin wannan hali ne da ma ke sayen jif? Ƙirga daga bakin titi ba ta raba wannan gardama. Shi ya sa tasin Munich ke da daraja, domin a can mutum ɗaya ne yau a wannan mota gobe a waccan.

Tambayar da ta fi amfani ita ce yaushe direba ke cinye ribar, yaushe yake barin ta. James Hedlund, tsohon jami'i a hukumar kula da lafiyar hanya ta Amurka, ya taƙaita sharuɗɗan a 2000, kuma jigonsu shi ne sai direba ya san da gyaran, ya ji shi a jikinsa, yana da dalilin kashe ribar, yana kuma da ikon yin hakan. In ɗaya ya faɗi, cinye ribar da direba ke yi yana raguwa ko ya ɓace.

Batun ji a jiki shi ya fi bayyana bambancin. ABS abu ne da direban tasi ke ji a tafin ƙafarsa kullum, yana gwada shi a kan jiƙaƙƙen titi, yana ganin ya tsaya inda a da zai zame. Jakar iskar da ke cikin sitiyari kuwa tana kwance shiru, mutum na iya tuƙa mota shekara goma bai tuna da ita ba. Akwai kuma na'urar hana mota juyawa da ake kira ESC, wadda ke taka wa taya ɗaya burki da kanta in ta ga motar za ta kauce daga inda sitiyari ya nufa. Wasu masu ita ba su ma san tana ciki ba, ba ta sa baki sai abu ya kusa ɓaci. Binciken kamfanonin inshora na Amurka ya nuna ta rage mummunan haɗarin da mota ke yi ita kaɗai da kusan rabi, shi ya sa aka wajabta ta a can tun daga motocin 2012, Tarayyar Turai ma ta wajabta wa duk sabuwar mota daga 2014. Na'urori biyu ne 'yan gida ɗaya, ESC ma a kan ABS aka gina ta, amma wadda ta ɓuya ta fi wadda ta bayyana kawo riba.

Titi kuwa ba ya ɓuya, kuma a nan ne maganar ta fi shafar mu. A Finlan an kafa sanduna masu ƙyalli a gefen wasu hanyoyin karkara don direba ya ga inda titi ya nufa da dare. A kan ƙananan hanyoyi masu yawan kwana, sai gudun dare ya ƙaru, haɗarin dare mai rauni ma ya ƙaru. Sandar tana nuna maka kwana, ba ta nuna maka dabba ko mutumin da ke tafe a gefe cikin baƙaƙen kaya. Ta ƙara wa direba amincewa fiye da yadda ta ƙara masa gani. Fitilar titi daban take: a Norwe an auna an ga direbobi suna ƙara gudu, hankalinsu kuma yana ɗan sakewa in an haska hanya, duk da haka haɗarin dare yana raguwa, saboda hasken na gaske ne, ribarsa ta fi abin da aka ci daga ciki.

Yanzu a ɗauki hanyar da ta shekara goma tana cike da ramuka, ta ratsa garuruwa da kasuwannin mako. A wancan hali tana karya sifirin, tana fasa taya, tana cin lokaci, a wasu wurare ma tana ba 'yan fashi damar tare mutane. Amma ramin yana aikin da babu jami'in da zai iya yi, yana riƙe kowa a kan gudun kilomita 40. Ranar da aka shimfiɗa sabuwar kwalta, wannan direban dai, da wannan tsohuwar tayar, da wannan lodin, zai taka 120. Kasuwar ba ta tashi ba, makarantar firamare tana hayin titi, Fulani na tsallakawa da shanu inda suka saba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk ƙarin kashi 1 cikin ɗari a matsakaicin gudu yana ƙara yiwuwar haɗarin da ake mutuwa da kashi 4, kuma wanda mota ta buge tana gudun 65 ya ninka wanda ta buge tana 50 sau huɗu da rabi wajen yiwuwar mutuwa. Ba a buƙatar boka ya faɗi abin da zai biyo baya. Mutanen gari sai su ce sabon titi yana cin rai, su kwaso ƙasa da itace su yi tudun rage gudu da kansu, ba alama ba fenti, wanda shi ma yakan kifar da baƙon da ya zo da dare. Laifin ba na kwalta ba ne. Kwangilar ce ta tsaya a kan shimfiɗa, ba ta tambayi abin da direba zai yi da santsin ba, ba ta tanadi wurin tsallakawa ko shingen tsakiya ko ƙuntata hanya a mashigar gari ba.

Sai dalili. Mai motar gida da ke kai iyalinsa biki ba shi da wata riba mai yawa in ya isa da minti goma kafin lokaci. Direban haya kuwa kowane minti kuɗi ne. A birnin Santiago na Chile an taɓa samun tsari biyu a lokaci guda: wasu direbobin bas ana biyan su gwargwadon fasinjan da suka ɗauka, wasu albashi tsayayye. Masu bincike suka tarar na farkon sun fi yin haɗari da kusan kashi biyu cikin uku a kowace kilomita, saboda tseren riga juna zuwa tasha. Duk wanda ya san yadda ɗan adaidaita sahu ke fita da asuba da balas a wuyansa, ga kuɗin mai, ga haraji, sai ya haɗa waɗannan kafin ya fara neman na cefane, ya san wannan labari ba baƙo ba ne. Haka direban doguwar tafiya da ke son ya sauke ya juyo ya kama layi a tasha kafin yamma. Irin wannan mutum duk abin da ka ba shi na sauƙi, gudu zai mayar da shi, kuma ba don ya raina ransa ba. Labarin Munich ma da saura: a shekara ta huɗu kamfanin ya ce direba zai biya wani kaso na kuɗin gyara, mai yawan haɗari kuma za a sallame shi. Haɗari ya ragu, a masu ABS da marasa shi baki ɗaya.

Akwai wani nau'in sauya hali da ya bambanta da wannan, wato wanda direba ke yi don jami'i, ba don haɗari ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya, wadda aka kafa a 1988 Wole Soyinka yana shugabanta na farko, ta fara tilasta bel a farkon 2003. Kowa ya ga yadda ake yi: ana hango masu kaki sai direba ya ce wa na gaba "Alhaji, ja bel ɗin nan," a yafa shi a ƙirji a riƙe da hannu, ana wucewa a sake. Motar da ke tahowa ma ta riga ta ƙyafta fitila ta ba da labari. Da aka wajabta hular kwano ga masu babur ranar 1 ga Janairun 2009, an ga 'yan acaɓa a Kano da ƙwarya ko robar fenti a ka an ɗaure da igiya, fasinjoji kuma suna ƙin sa hular da wani ya cire, wasu don ƙyanƙyami wasu don tsoron asiri. Na'urar taƙaita gudu da aka fara tilasta wa motocin haya a Fabrairun 2017, Kenya ta riga mu gwada ta a 2004 ƙarƙashin minista John Michuki, aka kafe ƙananan bas a kan kilomita 80. Da farko haɗari ya ragu. Da sa ido ya yi sanyi, makanikai suka koyi yadda ake kwance ta.

Kada a ɗauka wannan halin baƙar fata ne. A Turai direba na taka burki in ya zo wajen kyamarar auna gudu, yana wucewa ya rama, shi ya sa Holan da Italiya da Birtaniya suka koma auna matsakaicin gudu tsakanin wurare biyu masu nisa, inda burkin minti ɗaya ba ya fid da kai. Kyamarar kama masu karya danja a Amurka ta rage karon gefe da kusan kashi 25 cikin ɗari, amma ta ƙara dukan baya da kusan kashi 15, saboda mutane na cije burki ba zato da fitila ta canja. Cinikin bai ɓaci ba, tun da karon gefe ya fi kisa, sai dai wanda ya ƙirga gefe ɗaya kawai zai yi ƙarya ba da niyya ba. Wanda ya fi ɗaure kai shi ne na saƙon waya. A 2010 cibiyar alƙaluman inshora ta Amurka ta duba jihohi huɗu da suka hana rubuta saƙo ana tuƙi, ta ga haɗari bai ragu ba, a uku daga ciki ma ya ɗan ƙaru. Zaton masu binciken shi ne mutane ba su daina ba, sun dai sauke wayar zuwa cinya don kada ɗan sanda ya gani, ido ya ƙara nisa da titi.

Wani lokaci ma ba wanda aka ba kariyar ke sauya hali ba, na kusa da shi ne. Ian Walker, lokacin yana Jami'ar Bath a Ingila, ya ɗaura wa kekensa na'urar auna tazara ya shiga titi, motoci sama da 2,000 suka wuce shi. In ya sa hular kwano, direbobi na matso shi da kimanin santimita 8 fiye da in kansa a buɗe yake. Da ya sa gashin kanti ya yi kama da mace ta baya, sai suka ƙara ba shi wuri. Wasu masana sun sake duba alƙalumansa sun ce bambancin bai kai ya zama haɗari ba, kuma babu mai hankalin da zai ce a jefar da hular, tun da amfaninta ga ƙoƙon kai tabbatacce ne. Abin lura dai shi ne direba yana auna raunin wanda ke gabansa, yana ba da tazara gwargwadon abin da ya gani.

Injiniyoyin da suka fahimci wannan sun bi hanya biyu. Hans Monderman a arewacin Holan ya zaɓi ya dawo wa direba da faɗuwar gaba. A garin Drachten ya cire danja da yawancin alamomi daga wata mahaɗa mai cunkoso, aka mayar da ita shatale-tale a fili guda da masu keke da masu ƙafa, dole kowa ya rage gudu ya kalli idon ɗan'uwansa. Haɗari ya ragu, cunkoso ma ya ragu. Sai dai da aka kwaikwayi tsarin a Birtaniya makafi suka koka, domin wanda ba ya gani ba ya cinikin ido da direba, har gwamnati ta dakatar da sababbin ayyuka irinsa a 2018. Kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a mahaɗar da danjarta ta mutu a Kano ko Kaduna ya san cire alama kaɗai ba ya haifar da ladabi. A Drachten an sake fasalin wurin ne yadda gudu ba zai yiwu ba. Suwidin ta bi ɗaya hanyar. A 1997 majalisarta ta amince da manufar cewa mutum zai yi kuskure ko an ƙi ko an so, don haka a gina hanya yadda kuskuren ba zai zama ajali ba. Suka sa shingen waya a tsakiyar hanyoyin karkara, suka tsara wuraren shan gaba bi da bi. Direba na iya jin daɗin hanyar ya ƙara gudu kaɗan, amma ba shi da ikon tsallaka shinge ya yi taho-mu-gama.

Kenya ta gwada wata dabara mai araha da ta taɓa ɓangaren dalili. James Habyarimana da William Jack na Jami'ar Georgetown sun liƙa takardu a cikin ƙananan bas na haya, masu kiran fasinja da ya buɗe baki in direba na ganganci. Motoci sama da 2,000 aka raba biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu da takarda wasu babu. A sakamakon da suka fitar a 2011, neman diyyar inshora daga motoci masu takarda ya ragu da rabi ko fiye. Takardar ba ta gyara burki ba, ta dai sa gudu ya zama abin da direba zai sha surutu a kansa. A motocinmu akan samu akasin haka, wanda ya ce "direba a yi a hankali" shi ake yi wa dariya, wani ma daga baya ya ce ai in kwana ya ƙare ko a gado ne sai an tafi. Malamai sun sha amsa wannan da hadisin ɗaure raƙumi kafin tawakkali, amma a cikin mota mai gaggawa ba kasafai ake samun mai tunatarwa ba.

Mafi munin hali shi ne direba ya ji kariya a ransa alhali babu ita a motar. Mai laya a ƙarƙashin kujera da ya yarda zai ɓace in mota ta kife yana cikin wannan sahu. Haka mai 'yar Kwatano da aka rubuta wa sitiyarinta akwai jakar iska, alhali ta fashe tun a Turai an cusa tsumma an liƙe, ko wadda fitilar ABS ɗinta ke kunne a dashbod har mai gyaran waya ya cire ƙwan don kada mai saye ya gani. Wannan ya kashe ribar da ba a taɓa ba shi ba.

Motocin da ke fitowa yanzu suna riƙe layi da kansu, suna bin motar gaba, suna taka burki in sun hango abu. Burkin gaggawa mai aiki da kansa yana cikin ɓoyayyun na'urori, kuma alƙaluman inshora sun nuna yana rage dukan baya sosai. Mai riƙe sitiyari kuwa direba na jin sa kowane daƙiƙa, yana kuma gayyatarsa ya saki hankali. A watan Maris na 2018 a garin Tempe na jihar Arizona, wata motar gwaji ta kamfanin Uber mai tuƙa kanta ta kashe wata mata da ke tsallaka titi da kekenta da dare. Akwai ma'aikaciya a kujerar direba wadda aikinta kawai ta sa ido ta karɓi tuƙi in an samu matsala. Bincike ya nuna hankalinta na kan waya. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta ambaci sakacin da dogaro da na'ura ke haifarwa, ta kuma ɗora wa kamfanin laifin rashin tanadi a kansa. Shi ya sa masu ƙera mota suka fara sa kyamarar da ke kallon idon direba, tana ƙara in ya kau da kai. Nan da 'yan shekaru waɗannan motoci za su sauka a Kwatano da Legas a matsayin na hannu, su hau titunan da yawancinsu ba su da farin layin da kyamarar ke bi.